Mazauna Wutar Dante: Dodannin Girka, Fafaromomi da Maƙwabta

A cikin waƙoƙin da aka rubuta a Turai a tsakiyar zamani, wato ƙarnonin da suka biyo bayan rushewar daular Rum ta yamma har zuwa wajajen shekarar 1500, da wuya a sami wadda ta kai waƙar Dante Alighieri shahara da yawan sharhi. An haifi Dante a birnin Fulorens na ƙasar Italiya a shekarar 1265, ya mutu yana gudun hijira a Ravenna a 1321, kuma a shekarun da ya yi yana yawo daga fadar wannan basarake zuwa ta wancan ne ya tsara doguwar waƙar da ya kira Commedia. Waƙar tana da babi 100 da ɗango 14,233, an gina ta bisa baitoci ƙwar uku masu sarƙaƙƙen amsa-amo, ta yadda ɗangon tsakiya na kowane baiti shi ke ba da amsa-amon baitin da ke biye, kuma marubucin ya zaɓi karin harshen garinsu maimakon Latin, wanda shi ne harshen malamai a lokacin. An raba ta kashi uku: Inferno, wato Wuta, sai Purgatorio, wurin da ɗarikar Katolika ta yi imani ana tsarkake rayukan da suka tuba kafin a shigar da su Aljanna, sannan Paradiso, wato Aljanna. Kashin farko, mai babi 34, shi ya fi kama zukatan masu karatu, kuma dalilin hakan yana ga irin mutanen da aka zuba a cikinsa.

Ba Dante ne ya fara siffanta azabar lahira a rubuce ba, domin tun kafin zamaninsa akwai labaran malaman coci da aka ce an zagaya da su wuta a cikin mafarki, kuma mai karatun da ya saba da waƙoƙin wa'azi na Hausa ya san yadda ake jera masu laifi rukuni-rukuni, mazinata da maciya riba da masu tauye mudu, ba tare da an kama sunan kowa ba. Shi Dante suna ya kama. Ya cika ramin wutarsa da mutane fiye da ɗari waɗanda ya ambata ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa jaruman almarar Girkawa da sarakunan tarihi, da fafaromomi, da mutanen unguwarsu waɗanda 'ya'yansu da jikokinsu suna raye lokacin da waƙar ta fara yawo hannun jama'a, ya ba su duka matsayi ɗaya na gaskiya, kamar dodon da bai taɓa wanzuwa ba da attajirin da aka binne shekaru goma da suka wuce duk a littafin tarihi ɗaya suke. Hukuncin da ya yanke wa kowannensu yana bayyana ilimin alƙalin da siyasarsa da ƙiyayyarsa fiye da yadda yake bayyana laifin wanda aka hukunta.

Ba a fahimtar wannan hukunci sai an san halin da Fulorens ke ciki. Biranen arewacin Italiya sun daɗe a rabe tsakanin ƙungiyoyi biyu, Gwelfi masu goyon bayan Fafaroma da Gibelini masu goyon bayan Sarkin Daular Rum Mai Tsarki, wanda mulkinsa ya fi ƙarfi a ƙasar Jamus. Bayan Gwelfi sun yi rinjaye a Fulorens sai su ma suka dare gida biyu, Farare da Baƙaƙe, kuma Dante, wanda yake cikin Farare, ya riƙe ɗaya daga cikin manyan kujerun mulkin birnin na wata biyu a shekarar 1300. Da Baƙaƙe suka ƙwace mulki da taimakon Fafaroma Bonifas na Takwas, sai aka tuhume shi da cin hanci a farkon 1302, aka kore shi, daga baya aka yanke cewa za a ƙone shi da ransa in ya sake ya shiga hannu. Bai ƙara taka ƙasar garinsu ba. Sai dai ya mayar da lokacin tafiyar da ke cikin waƙar baya zuwa makon Ista na shekarar 1300, kuma wannan dabara ta ba shi damar sa matattu su yi annabcin abubuwan da shi ya riga ya gani da idonsa, har da korar da aka yi masa.

Wutar da ya zana rami ce mai siffar mazurari, faɗi a sama da tsukewa a ƙasa, ta gangara har tsakiyar duniya, an raba ta da'ira tara. A babi na 11 an bayyana ƙa'idar rabon, wadda aka ɗauko mafi yawanta daga koyarwar Aristotal kan halayen ɗan Adam: laifuffukan kasa kame kai, kamar sha'awa da haɗama da rowa da fushi, su ne a sama saboda sun fi sauƙi, zalunci da ƙarfi yana tsakiya, ha'inci kuwa, tun da ana aikata shi ne da hankalin da Allah ya keɓance ɗan Adam da shi, shi ne a can ƙasa, kuma mafi munin ha'inci shi ne cin amanar wanda ya amince. Azabar kowane rukuni tana kwaikwayon laifinsa ko tana juya shi, ƙa'idar da masana ke kira contrapasso, wato sakamako daidai da aiki.

Halittun almara su ne ma'aikatan wannan gida. Malaman coci na farko sun koyar da cewa gumakan Girkawa da Rumawa aljanu ne, don haka bai yi wa Dante wuya ba ya ɗebo su daga littattafan mawaƙan Latin ya ba kowanne aiki. Karon, tsohon matuƙin kwale-kwale, shi ke ƙetarar da rayuka kogin Akeron. Minos, wanda a almara sarkin tsibirin Karita ne kuma alƙalin matattu, ya koma dodo mai gurnani da doguwar wutsiya, wanda ke sauraron laifin kowane rai sannan ya nannaɗe jikinsa da wutsiyar sau adadin da'irar da za a jefa shi. Serberus, kare mai kai uku, yana yayyaga masu haɗama a cikin ruwan sama mai ƙazanta, kuma a inda tsohuwar almara ta ce da wainar zuma mai maganin barci aka lallashe shi, a nan ƙasa ce kawai aka damƙo aka watsa masa a baki. Halittun da rabinsu mutum ne rabinsu doki suna sintiri da baka da kibiya a gaɓar kogin tafasasshen jini inda azzaluman sarakuna irin su Attila ke nutse, kowanne gwargwadon jinin da ya zubar. Wanda Dante ya fi sake wa kama shi ne Jeriyon, wanda a almara ƙato ne mai jiki uku da jarumi Hakulis ya kashe, amma a nan ya zama siffar ha'inci kanta: fuskar mutumin kirki, gangar jikin maciji, wutsiya mai dafi irin ta kunama, kuma a bayansa matafiyan biyu, Dante da jagoransa, suka sauka zuwa da'ira ta takwas.

Matafiyi na biyu shi ne Birjil, mawaƙin Rum wanda ya rayu daga shekara ta 70 zuwa ta 19 kafin haihuwar Annabi Isa, marubucin waƙar Aeneid, wadda a cikinta jarumin birnin Turoi mai suna Iniyas ya sauka lahira ya dawo. Shi ne jagoran Dante, kuma shi ma mazaunin wutar ne, domin wurinsa yana da'ira ta farko da ake kira Limbo, wato gefe, inda babu azabar jiki sai baƙin cikin begen abin da ba za a samu ba. Koyarwar coci ta tanadi wannan wuri ga jariran da suka mutu ba a yi musu baftisma ba, amma Dante ya faɗaɗa shi da kansa ya gina wa manyan mutanen da ba Kirista ba wata fada mai ganuwa bakwai da koren fili. A can ya tarar da Homa da sauran manyan mawaƙa, waɗanda suka karɓe shi a matsayin na shidansu (ba a san Dante da ƙanƙan da kai ba), da Aristotal a tsakiyar masana falsafa, da Sokiratis da Filato, da likitoci da masana lissafi da taurari na zamanin da.

A cikin wannan taro akwai Musulmi uku. Akwai Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037 kuma littafinsa na likitanci ya zama abin koyarwa a jami'o'in Turai, da Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198 kuma sharhinsa ne Turawa suka dogara da shi wajen fahimtar Aristotal, sai Salahuddin Al-Ayyubi, wanda ya karɓe Ƙudus daga hannun mayaƙan gicciye a 1187, an nuna shi zaune shi kaɗai a gefe. Dukkan ukun sun zo bayan Kiristanci, sun san shi kuma ba su bi shi ba, saboda haka bisa tsantsar aƙidar zamanin ba su cancanci wannan sassauci ba. Abin da ya jawo musu shi ne bashin ilimi da Turai ta san tana ɗauke da shi, da kuma sunan karamci da cika alkawari da Salahuddin ya yi har a bakin abokan gabansa. Wannan girmamawa ba ta hana Dante aikata abin da ya fi komai muni a waƙar ga mai karatu Musulmi ba, domin a babi na 28 ya ambaci Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Sayyidina Ali a cikin waɗanda ya kira masu raba kan jama'a, da kalaman ɓatanci da ba za a maimaita a nan ba. Tushen wannan ƙage shi ne jahilcin da ya mamaye Turai a lokacin, inda marubuta da yawa suka ɗauka cewa Musulunci wani ɓangare ne da ya ɓalle daga Kiristanci, har ana yaɗa labaran ƙarya don tabbatar da haka. Masanin Masar Hassan Usman, wanda ya fitar da fassarar Inferno ta Larabci a 1959, ya cire waɗannan ɗangogi daga fassararsa.

Abin mamaki shi ne masana sun shafe fiye da shekara ɗari suna muhawara kan ko tsarin tafiyar kansa yana da alaƙa da labaran Isra'i da Mi'iraji. Wani limamin coci ɗan Sifen masanin Larabci, Miguel Asín Palacios, shi ya tayar da batun a littafinsa na 1919, kuma a 1949 aka buga wata tsohuwar fassarar Latin da Faransanci ta wani littafin Mi'iraji, wadda aka yi a fadar Sarki Alfonso na Goma na Kastila a ƙarni na 13, fadar da malamin Dante, Brunetto Latini, ya je a matsayin jakadan Fulorens a 1260. Wannan ya nuna cewa hanyar da labarin zai bi ya isa Italiya a buɗe take, ko da yake masana ba su haɗu a kan cewa Dante ya karanta littafin ba.

Daga da'ira ta biyu ne ake fara ganin ƙwarewar da ta sa waƙar ta rayu. Guguwa marar tsayawa tana jifa da waɗanda sha'awa ta rinjaya, kuma Birjil ya nuna wa Dante sarauniyoyi da jarumai a jere, Semiramis ta Assuriya, Dido ta Kartaj, Kilofatara ta Masar, Helen da Faris waɗanda saboda su aka yi yaƙin Turoi, amma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan manya da aka ba damar magana. Wadda ta yi magana ita ce Francesca, 'yar gidan sarautar Ravenna da aka aurar wa Gianciotto Malatesta na Rimini, wanda ya kashe ta tare da ƙanensa Paolo wajajen 1285 bayan ya gano abin da ke tsakaninsu. Ta ba da labarin yadda suna karanta hikayar soyayyar jarumi Lancelot ne abin ya faru, cikin lafazi mai taushi da ladabi har Dante ya suma don tausayi, kuma masu karatu da yawa sun suma tare da shi ba su lura cewa ta ɗora laifin kan soyayya da littafi da marubucinsa, ba ta ɗauki ko ƙwayar zarra a kanta ba. Wanda ya ba Dante masauki a ƙarshen rayuwarsa, Guido Novello da Polenta, ɗan ɗan'uwan wannan Francesca ne.

Mutanen Fulorens sun fi na kowane gari yawa a wutar, har mawaƙin ya yi wa birnin ba'a cewa sunansa ya bazu a lahira. Wasu an wuce su da sauri, kamar Ciacco mai haɗama wanda ya fara yi wa Dante annabcin rikicin Farare da Baƙaƙe, da Filippo Argenti mai girman kai wanda Dante ya ji daɗin ganin ana yayyaga shi a cikin taɓo. Wanda aka tsaya a kansa shi ne Farinata degli Uberti, shugaban Gibelini, wanda ya jagoranci murƙushe Gwelfin Fulorens a yaƙin Montaperti a 1260, sannan da abokan nasararsa suka yi shawarar rushe birnin baki ɗaya, shi kaɗai ya miƙe ya hana. Ya mutu a 1264, kotun coci ta yanke masa hukuncin kafirci a 1283 bayan ya daɗe a kabari, kuma Dante ya sa shi cikin masu cewa rai yana mutuwa tare da jiki, waɗanda azabarsu ita ce zama cikin kaburburan wuta. Farinata ya taso daga kabarinsa tun daga ƙugu zuwa sama, ƙirji a buɗe kamar wanda ya raina wutar kanta, kuma tambayarsa ta farko ita ce su wane ne iyayen baƙon, da ya ji Gwelfi ne sai gardamar siyasa ta ɓarke a tsakiyar azaba. Ana cikin haka sai wani kai ya leƙo daga kabarin, Cavalcante, mahaifin babban abokin Dante mawaƙi Guido, yana tambayar ina ɗansa, da ya fahimci amsar ba daidai ba ya zaci ɗan ya mutu sai ya faɗi bai ƙara tasowa ba, shi kuwa Farinata ko wuyansa bai juya ba, ya ci gaba da maganarsa daga inda aka katse shi. Guido ya mutu a watan Agusta na 1300, bayan korar da mahukuntan birnin suka yi masa a lokacin da Dante ke cikinsu.

Irin wannan hukunci da ke tafe da girmamawa ya sake bayyana a da'ira ta bakwai. Pier della Vigna, babban sakataren Sarki Firedirik na Biyu, wanda aka zarga da cin amana aka makantar da shi kuma ya kashe kansa a 1249, ya koma busasshiyar bishiya mai ƙaya a dajin masu kashe kansu, ba ya iya magana sai an karya masa reshe jini ya fito, kuma ya rantse bai taɓa cin amanar ubangidansa ba. Brunetto Latini kuwa, wanda ya mutu a 1294, yana gudu a kan rairayi mai zafi ƙarƙashin ruwan wuta tare da waɗanda aka tuhuma da luwaɗi, fuskarsa a babbake, amma Dante ya sunkuyar da kai yana yi masa magana da lafazin girmamawa irin na ɗalibi ga malaminsa, yana gode masa bisa abin da ya koya masa. Masana sun daɗe suna neman dalilin da ya sa ya tona asirin mutumin da yake ƙauna haka.

Fafaromomi ba su sami wannan ladabi ba. A rami na uku cikin ramuka goma na da'ira ta takwas ake azabtar da masu sayar da muƙaman addini, laifin da aka sa wa sunan Siman mai sihiri, wanda littafin Ayyukan Manzanni ya ce ya nemi sayen baiwar Allah da kuɗi. An dasa su kai ƙasa a cikin ramukan dutse, tafin ƙafafunsu na ci da wuta, kuma wanda Dante ya tsaya a kansa shi ne Fafaroma Nikolas na Uku, wanda ya yi mulki daga 1277 zuwa 1280. Tun da kansa na cikin rami ba ya gani, sai ya zaci Bonifas na Takwas ne ya iso kafin lokacinsa, ya yi mamakin saurin zuwansa, sannan ya ƙara da cewa bayan Bonifas wani wanda ya fi shi muni zai zo daga yamma, wato Kilemen na Biyar, Bafaranshen da ya mayar da fadar Fafaroma Avignon. Da haka Dante ya tanadar wa babban maƙiyinsa, wanda bai mutu ba sai 1303, gurbi a wuta tun yana kan karaga. Dante Bakatolike ne mai riƙo da aƙida, kuma ƙorafinsa shi ne coci ta lalace tun ranar da ta haɗa addini da dukiya da mulkin ƙasa.

Sauran ramukan cike suke da gauraye iri ɗaya: Jeson na almara a cikin mayaudaran mata, boka Tiresiyas na Girka tare da Michael Scot masanin taurarin fadar Firedirik, kawunansu a juye suna tafiya da baya, babban firist Kayafa a cikin munafukai masu sanye da alkyabbar darma mai ruwan zinariya, matar Fotifar wadda ta yi wa Annabi Yusuf ƙazafi kusa da wani maƙerin kuɗin jabu. A ramin masu cin hanci, inda ake dafa su a tafasasshiyar kwalta, aljanu masu ƙugiya sun fafari Dante kansa har sai da Birjil ya ɗauke shi ya gudu da shi, kuma da wuya a ce haɗuwa ce kawai, tun da wannan shi ne laifin da aka kore shi a kansa.

Yulisis, jarumin Girka, yana ƙonewa a cikin harshen wuta mai kai biyu tare da abokinsa Diyomidis saboda makircin dokin katako da aka ci Turoi da shi, kuma tun da Rumawa sun ɗauki kansu zuriyar mutanen Turoi, Dante yana kallon yaƙin ne daga ɓangaren waɗanda aka ci. Bai iya Girkanci ba, bai karanta Homa kai tsaye ba, don haka ya ƙirƙiro wa jarumin ƙarshen da babu shi a tsohuwar almara. A bakin Yulisis, son ɗansa da tausayin tsohon ubansa da haƙƙin matarsa duk ba su iya danne ƙishirwarsa ta sanin duniya ba, sai ya zuga tsofaffin abokan tafiyarsa suka wuce mashigin Jabal Ɗariƙ, iyakar da aka ce an haramta wa ɗan Adam ƙetarewa, suka bar Sabta a hagu, suka yi wata biyar suna nausawa kudu cikin tekun da babu kowa, har suka hango wani dogon dutse, sai guguwa ta taso daga gare shi ta juya jirgin ta nutsar da shi. Jawabin da ya zuga su da shi yana cikin sassan waƙar da Italiyawa suka fi haddacewa, ana karanta shi a matsayin yabon neman ilimi, alhali mai jawabin yana ramin masu muguwar shawara ne kuma shawarar tasa ta halaka duk wanda ya bi ta. Akwai alamar cewa Dante ya ga kansa a cikin wannan mutum, domin shi ma tafiyar da ba a ba ɗan Adam izini ba yake yi.

Ƙasan wutar ƙanƙara ce. Ƙattai ne ke kewaye da bakin rijiyar da ke kaiwa can, cikinsu har da Namarudu, wanda al'adar Kirista ta danganta masa ginin hasumiyar Babila, yana sambatu da harshen da babu mai fahimta. A cikin daskararren tafkin an jera maciya amana kashi huɗu, na dangi, na ƙasa, na baƙi, da na iyayen gida. A nan ne Dante ya ga Ugolino della Gherardesca, wani basaraken Pisa, yana gwaguyar ƙeyar babban bishop Ruggieri, wanda ya yaudare shi ya kulle shi a hasumiya tare da 'ya'yansa biyu da jikokinsa biyu har yunwa ta kashe su a 1289. A tarihi wasu daga cikinsu manya ne, amma mawaƙin ya mayar da su duka yara ƙanana domin ya tsananta abin, ya sa uban ya ba da labarin yadda ya ji ana buga ƙusa a ƙofa, yadda suka mutu ɗaya bayan ɗaya a gabansa, sannan ya rufe da wani ɗango mai harshen damo wanda har yau ake gardama ko yana nufin yunwa ta kashe shi ne ko ta kai shi ga cin naman 'ya'yansa. Ugolino kansa maci amana ne, kuma bai ce uffan kan nasa laifin ba.

A kashi na uku na tafkin Dante ya wuce gona da iri ko a ma'aunin aƙidarsa, inda ya ce wanda ya kashe baƙonsa ransa yana faɗawa wuta nan take, aljani ya shiga gangar jikin ya ci gaba da ci da sha da barci a duniya. Da wannan ya jefa mutum biyu masu rai: Alberigo na Faenza, wanda ya sa aka kashe danginsa a wurin walima a 1285, da Branca d'Oria na Genoa, wanda ya kashe surukinsa bayan ya gayyace shi cin abinci, kuma wanda ya rayu har bayan mutuwar Dante.

A tsakiyar tafkin Iblis ne a kafe cikin ƙanƙara har ƙirji, da fuska uku da fikafikai irin na jemage waɗanda iskarsu ce ke daskarar da wurin, ba ya magana, yana kuka yana tauna mutum uku. Na tsakiya shi ne Yahuza Iskariyoti, wanda Linjila ta ce ya ci amanar Annabi Isa, kuma wannan ba zai ba Kirista mamaki ba. Sauran biyun kuwa Burutus ne da Kasiyus, waɗanda suka kashe Yuliyas Kaisar a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa. Dalilin yana cikin aƙidar siyasar da Dante ya shimfiɗa a littafinsa Monarchia, cewa Allah ya naɗa shugabanni biyu masu zaman kansu, Fafaroma don lahira da Sarkin Rum don zaman lafiyar duniya, saboda haka wanda ya kashe mafarin daular ya yi wa tsarin Allah tawaye. Marubutan Fulorens na ƙarni na 15, masu alfahari da jamhuriyarsu, sun yi ta fama da wannan hukunci, domin a wurinsu Burutus mai kare 'yanci ne daga mai kama-karya, kuma kusan shekara 300 bayan Dante, Shakespeare ya fito da shi a wasan kwaikwayo a matsayin mutum mai daraja. Dante kansa bai tsaya kan ƙa'ida ɗaya ba, domin da matafiyan suka fito daga ramin suka isa gindin dutsen tsarkakewa, wato Purgatorio, mai gadin da suka tarar shi ne Kato, Barume wanda ba Kirista ba, wanda ya yaƙi Kaisar kuma ya kashe kansa a shekara ta 46 kafin haihuwar Annabi Isa don kada ya rayu a ƙarƙashin mulkinsa, abubuwa uku da bisa tsarin da'irorin kowannensu ya isa ya ajiye shi a wuta.